Yadda Akurkin Paulina Ya Je Coci Ya Dawo

Idan ka zo unguwarmu a Kagoma ka ce kana neman Boaz, za a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Injiniya, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka gidan. Ni Miriyam, katanga ɗaya ce tsakanina da su, kuma katangar gajera ce, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Injiniyancin nan kuwa shi ya naɗa wa kansa. Ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan har ya yi ritaya, kuma duk wanda ya san shi a can ya ce aikinsa ɗaga tuta ne, ja ko koriya. Amma ka yi kuskuren zama benci ɗaya da shi, zai gaya maka da hannunsa ya sha kwance kan jirgi ya mayar, Turawa na tsaye suna kallo.

A bayan gidansa, ƙarƙashin mangwaro, akwai wata tsohuwar jif, irin mai ƙirar akwati da 'yan mishan suke hawa duwatsu da ita a da. Mahaifinsa ne ya tuƙa musu ita, da za su tafi suka bar masa. Tun ina amarya na same ta a wurin, tayoyi sun nutse a ƙasa, tsatsa ta ci ta har ba ka iya cewa ga launinta. Matarsa Paulina, wadda muke kira Maman Yemima, ita ce ta samo wa motar aikin yi, ta mai da ita akurki. Kaji na kwana a baya, suna yin ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, ba ruwansu da muzuru. Da ƙwan motar nan Yemima ta yi karatu har ta shiga jami'a.

Rigimar daga tamfol ta faro. A cocinmu, ranar godiyar girbi, ana shimfiɗa wani ƙaton tamfol a filin gaban majami'a. Kowane gida ya kawo abin da gona ta ba shi, doya ce, citta ce, masara ce, akuya ce, a jibge a kai. Rabaran Nathan ya yi addu'a. Da an ce amin, duk abin da ke kan tamfol ya zama na Allah, sai a yi gwanjonsa a yi aikin coci. To bara maƙwabcinmu Leonard, mai kiwon aladu, ya turo doyarsa a cikin sabon baro, ya tsaya gaishe-gaishe, ya manta baron a kan tamfol har aka ce amin. Rabaran da kansa ya ce a bar masa abinsa, ai mantuwa ce. Sai Boaz ya miƙe ya gyara wuyan riga ya yi mana wa'azi na biyu. Ya ce ba a yi wa Allah mantuwa. Ya ce abin da ya hau tamfol ya hau ke nan, ko mutum ne da kansa amin ta same shi a kai, a yi gwanjonsa. Dattawan ikkilisiya suka gyaɗa kai, magana ta zama doka. Aka yi gwanjon baro, kuma wa kuke tsammani ya saye shi da arha? Boaz. Ya turo shi gida ta ƙofar Leonard yana fito.

Leonard bai ce komai ba sai da damina ta faɗi. Wata Lahadi bayan sujada, ana tsaye a bakin majami'a, ya tambayi Boaz ko bana ma a baron mutane zai kawo doya. Nan take Injiniya ya hau matakala don kowa ya ji. Ya ce baro na masu ƙaramin tunani ne, shi bana a motar mahaifinsa doyarsa za ta zo, kuma shi zai ja gaban jerin gwano, Zumuntar Mata na bin bayansa da waƙa. Aka kwashe da dariya. Ya ce a yi dariya da kyau, wanda ya gyara jirgin ƙasa mota ai keken yara ce a wurinsa. Rabaran ya ce Allah ya taimaka, Paulina kuwa ta ɗaure ɗankwalinta ta kama hanyar gida.

Washegari ya kori kaji. Ina shara na ji su.

"Baban Yemima, ina kake so su kwana?"

"Inda kajin mutane suke kwana. Wannan mota ce, ba otal ba."

"To ai ita kaɗai ce a gidan nan take kawo wani abu."

Ya yi kamar bai ji ba. Kajin kuwa ba su yarda an sallame su ba. Da rana su tsallako katanga su cika mini kicin, har wata ta yi ƙwai a cikin tulun da nake kaɗawa a Zumunta, ban sani ba sai da na kai masa dukan farko a wurin koyon waƙa. Da yamma kuma su koma motarsu ɗaya bayan ɗaya, ya kora ta gaba su shigo ta baya.

Ranar da ya ɗaga kujerar baya ya tarar da wasu 'yan haya da suka fi kaji daɗewa, wato rina. Na ga mutum ya wuce ta gaban ƙofata da gudun da ban san yana da shi ba, yana marin kansa hagu da dama. Ranar Lahadi ya zo sujada ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum. Duk wanda ya yi masa sannu sai ya ce hasken walda ne, abin da ke samun manyan ma'aikata ke nan. A lokacin ko injin walda bai taɓa shiga gidan ba.

Da Yemima ta zo hutu daga Kafanchan ya sa ta ta cika masa waya da bidiyon wani Bature mai gemu da ke gyaran irin motar. Boaz ba ya jin rabin abin da mutumin ke faɗi, amma yana yi masa gyara. Zai zauna a gindin mangwaro yana girgiza kai yana cewa yaron yana ƙoƙari, sai dai hannunsa bai nuna ba. A nan ya ga ana zuba lemon kwalba a kan notin da ya yi tsatsa don ya saki. Shi da ba ya yin abu kaɗan, sai ya sayo kiret guda ya yi wa ƙasan motar wanka. Da safe ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi da sifana. Noti bai saki ba, amma kwarkwasar unguwar kaf ta sami labari. Ya fito yana tuɓe wando, ya haura katangata, ya faɗa cikin duron ruwan da na sha wahalar ɗebowa daga rafi. Na tsaya a kansa da muciya a hannu na tambaye shi ko wannan ma aikin manyan ma'aikata ne. Ya ce in yi haƙuri, ranar godiya ni zai fara ɗauka a gidan gaba. Na ce na gode, ina da ƙafa.

Sai aka shiga kankare tsatsa. Ya yi ta gurza da burushin ƙarfe yana waƙar coci, har ranar da ya gama ya hau ya tsaya a tsakiyar motar don ya nuna wa Leonard aiki, ƙafarsa ta ɓurma ta taɓa ƙasa. Ashe tsatsar ce ke riƙe da motar. Leonard, wanda tun fara aikin ya mai da katangar gidan wurin hutawarsa, ya ce ai haka ya fi, in fetur ya ƙare sai direba ya sa ƙafa ya taka. Boaz ya ce dama niyyarsa ya canza ƙasan. Da me zai canza? Paulina ta dawo daga gona ta tarar rabin kwanon rufin kicinta ya koma ƙasan mota, ga hadari ya haɗo. Ta yi kwanaki tana tuƙa tuwo da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da lema, ba ta yi masa magana ba, shi kuma ya ɗauka goyon baya ne.

Ƙofofi su ma suka ce ba a bar su a baya ba. Ta direba ta zo masa a hannu, ɗayar ta faɗi da kanta don kada a wahala. Ya ɗauko mai walda daga Kafanchan, ya tsaya a kansa yana koya masa aiki, ya ce a liƙe su gam yadda ba za su sake motsi ba. Mutumin ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce shi da ya liƙe taragon jirgi ake tambaya? Aka liƙe. Mai walda ya hau babur ya tafi, sannan Injiniya ya zagaya motar yana neman ta inda zai shiga. Daga ranar ta taga yake shiga, kai ya fara, tumbi ya tsaya ya yi shawara, sannan ƙafafu su bi. Ya ce haka motocin soja suke.

Injin kuwa ya kwance shi kaf ya baje a tabarmar da Paulina ke shanya citta. Da ya mayar, sai ga ragowar noti da wasu ƙarafa sun cika kwanon sha. Leonard ya leƙo ya tambaya ko waɗannan na baikon coci ne.

"Turawa suna sa ƙari saboda doguwar tafiya," in ji Boaz. "Daga nan zuwa coci ba ta bukatarsu."

"Daga nan zuwa ƙofar gida fa?"

"Ka je ka ba aladunka dusa, Leonard. Wannan ba fanninka ba ne."

Don a ciro motar daga ramin da ta yi wa kanta sai da aka kira Bobbo, Bafulatanin da rugarsa ke hayin rafi, wanda ke yi mana huɗa da shanunsa. Bobbo mutum ne mai ƙarancin magana. Ya zagaya motar, ya leƙa ta taga, ya ɗaura igiya, bijimansa suka fizge ta zuwa fili. Da Boaz ya ce masa nan gaba kaɗan shanu za su huta a garin nan, sai ya ce to, amma dai zai bar igiyar a kusa.

Ranar tayar da inji ya gayyaci unguwa. Ya sa tsohuwar hularsa ta reluwe, ya shiga ta taga, ya ce maza su tura. Suka tura har bakin rafi, suka turo ta baya, suka sake turawa. Ana cikin haka sai motar ta yi wata irin ƙara da har yau in na tuna kunnena yana amsawa. Baƙin hayaƙi ya rufe kowa. Salansar motar, wato bututun hayaƙi, ta tashi sama ta tsallake katanga ta sauka a tsakiyar garken Leonard, aladu suka ɓalle ƙofa suka bi ta cikin rogona. Da hayaƙi ya washe sai ga Boaz ya leƙo, fuska baƙi ƙirin, haƙora a waje. "Kun ji? Ta yi magana." Maganar da ta yi ke nan ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Bai karaya ba, ya koma kan kwalliya. Ya samo ragowar koren fenti na bango ya shafe ta da tsintsiya, kafin ya bushe kaji suka yi yawo a kai daga gaba har baya. Ya ce zane ne, a ƙasar waje sai an biya ake yi wa mota irinsa. A goshinta ya rubuta SAI DUTSE da manyan baƙaƙe. Da Paulina ta tambaye shi batun birki, ya ce an gama, ai ita ma ta ba da gudummawa. A nan ta gane inda manjanta ya tafi. Ya ce man birki da manja duk mai ne, bambancin kwalba ce kawai. Ɓerayen gidan ba su yi masa gardama ba, suka bi ƙamshi suka cinye tiyon birkin tas, shi bai sani ba.

Duk haushin da nake ji, akwai ranar da ya ba ni tausayi. Da yamma ce, na je kwashe shanya, na hango shi zaune a cikin motar shi kaɗai, hannu biyu a kan sitiyari, ba waya ba sifana. Paulina ta ce mini tun yana yaro a nan yake zama a cinyar babansa in za su kai marar lafiya asibitin mishan, kuma duk abin da tsohon ya bari a duniya motar nan ce kaɗai ta rage. Na ce to me ya hana ta gaya masa gaskiya tun kafin ya kunyata? Ta ce ta gaya masa da Hausa, ta gaya masa da yare, saura tamfol ya gaya masa.

Da godiya ta matso kuma inji ya ƙi ko tari, sai na ji shi ta katanga yana lallashin Bobbo. Dabarar ita ce, daga tudun makarantar firamare zuwa filin coci gangara ce santal. Bobbo zai ja motar da shanu ta bayan gari da sassafe ya kai ta kan tudu, ya kwance igiya ya ɓuya. Shi kuma Injiniya ya gangaro a hankali kamar inji ne ke aiki. Don kada shiru ya tona shi, ya ɗaure wata 'yar sifika a cikin injin, ya haɗa ta da wayarsa, ya nemo wurin da motar Baturen nan ke ruri a bidiyo. Har gwangwani ya rataya a baya da garwashi da tsumman baƙin mai saboda hayaƙi. Bobbo ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai ja ne aikinsa, tsayawa kuma tsakanin Injiniya ne da Allah.

Ranar ta zo. Muka yi anko, muka ɗauki tuluna da caki, muka tsaya a bakin hanya muna jiran mai jan gaba. Shiru. Daga baya muka ji cewa bijiman Bobbo sun ga ɗanyar harawa a gonar wani sun ce sai sun karya. Da rana ta fara zafi Rabaran ya ce a tafi. Muka yi jerin gwano ba mota, aka jibge kaya a kan tamfol har ya yi tudu, Leonard ya kawo tasa doyar a ka yana waige-waige yana tambayar kowa ko an ga jirgin ƙasa.

Rabaran Nathan in ya fara addu'a, ya fara ke nan. Kunnensa ɗaya ya yi nauyi, ga lasifika a bakinsa, kuma bai taɓa buɗe ido kafin amin ba, ko ruwa aka sako. Ya gode wa Allah saboda doya, ya gode saboda citta, ya shiga ambaton ƙauyuka. Yana wajen Kwoi sai muka ji rurin mota daga tudu, ruri mai daɗi, sumul, irin na sabuwa. Na buɗe ido ɗaya. Wallahi ga SAI DUTSE tana gangarowa, koriya shar da sawun kaji, doya a baya, hayaƙi na tashi, Boaz a ciki da hular reluwe yana ɗaga wa mutane hannu. Gaskiya na ɗan lokaci abin ya yi kyau, har na ji wata a bayana ta ce ashe dai Injiniya ne.

Sai rurin ya yanke, wani Bature ya fara magana daga cikin injin. Da ƙarfi, da Turanci, yana gaishe mu yana roƙon mu danna wani abu. Boaz ya saki sitiyari yana laluben waya. Gangara kuwa ta riga ta karɓi motar. Na ga ƙafarsa tana dukan birki, tana dukan birki, har kwanon kicin ɗin Paulina yana amsawa. Mutane suka dare biyu ba wanda ya yi ihu, don addu'a ake yi, kowa ya matsa gefe da ido ɗaya a rufe. Motar ta ratsa tsakiyarmu a natse, ta hau tamfol da tayoyinta duka, ta dungure buhunan masara, ta tsaya cak a gaban Rabaran.

Boaz ya san doka, ai shi ya kafa ta. Ya zuro kai ta taga, kafaɗu suka fito, tumbi ya tsaya shawararsa ta kullum. Yana rataye rabi a ciki rabi a waje, yana yi wa maza raɗa su taimaka su tura ta baya, don Allah, taku kaɗan ne. Wasu biyu suka motsa. Leonard ya kama hannuwansu ya sunkuyar da kai, ya ce a girmama addu'a. A daidai nan Rabaran ya iso ƙarshe. Ya ce, ya Uba, duk abin da ke kan tamfol ɗin nan, babba da ƙarami, mai rai da marar rai, ba namu ba ne kuma, naka ne. Ban taɓa jin amin irin ta ranar ba, ta Leonard kuwa har hayin rafi an ji ta.

Rabaran ya buɗe ido ya ga mota a gaban hancinsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya ɗaga hannu ya ce tunda aka kafa ikkilisiyar nan ba a taɓa ba Ubangiji mota ba sai yau, a tafa wa ɗan'uwa Boaz. Aka tafa. Boaz, da aka samu aka zaro shi kamar ana cire rogo, ya ce a'a Baba Rabaran, kuskure ne, birki ne. Leonard ya miƙe ya gyara wuyan riga daidai yadda Boaz ya yi bara, ya maimaita wa'azin nan kalma bayan kalma, har da wurin da aka ce ko mutum ne. Dattawa suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Ba wanda ya iya cewa ba haka aka yi ba.

Ana cikin wannan sai muka ji kyarkyara. Jar kazar Paulina, wadda ta fi duka yin ƙwai, ta fito daga ƙarƙashin kujerar direba ta hau sitiyari tana shelar abin da ta ajiye. Ita ma amin ta same ta a kan tamfol. Paulina ta dafe kai.

Sakataren coci ne ke gwanjo, kuma da kazar ya fara. Aka yi ta rububi, kowa na son kazar da ta zo coci a mota, ta tashi da tsadar da ko akuya ba ta yi ba. Sannan ya buga bodin jif da sanda, wani ɓangare ya zubo, ya tambaya wa zai taya. Filin ya yi tsit. Can Leonard ya ɗaga hannu ya taya da abin da bai kai rabin kuɗin kazar ba. Ya ce ya daɗe yana neman inda zai zuba 'ya'yan aladu, ga ta kuwa ƙofofi a liƙe, ba mai fita.

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don mun ga fuskar Boaz. Ya cire hular reluwe ya riƙe a hannu. Ya lalubi aljihu, ba komai, komai ya tafi a lemon kwalba da walda. Ya dubi Leonard ya ce a hankali, "Leonard, motar babana ce." Ni da na daɗe ina jiran ranar nan, sai na ji ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Sakatare ya ɗaga sanda zai buga. Paulina ta ajiye cakinta ta ratsa fili ba gaggawa, ta tsaya kusa da Leonard ta yi masa magana a kunne. Ina kusa, na ji. Ta ce baronsa zai kwana a gidansa yau, kuma wanda ya tura shi ya fita da shi, shi zai turo shi ya dawo, da rana tsaka, ta babbar hanya. Leonard ya yi ɗan tunani, ya sauke hannu, ya ce ya tuna aladunsa ba sa son kore. Paulina ta kwance bakin zane ta ɗora kaɗan a kan tayinsa. Sanda ta sauka. Mota ta zama ta Maman Yemima, a gaban Allah da ikkilisiya.

Har an fara sauke doya sai sakatare ya yi gyaran murya ya ce saura abu ɗaya, direba ma a kan tamfol amin ta same shi, kuma doka ba ta ware kowa ba. Ya kama hannun Boaz ya ɗaga sama ya tambaya wa zai taya. Ya ce injiniya ne, ya gyara jirgin ƙasa. Shirun da aka yi ya fi na motar tsawo. Wata tsohuwa ta tambaya ko yana cin abinci da yawa. Rabaran ya rasa yadda zai yi, yana ta goge tabarau. Sai Paulina ta juyo daga inda take duba tayoyin motarta.

"Wannan ba na saye ba ne," in ji ta. "Na sayi babban kaya. A ba ni shi gyara."

Aka ba ta. Da muka ɗaga kai sai ga Bobbo a bakin fili da bijimansa, igiya a kafaɗa. Ya ce bai koma gida ba, ya san za a neme shi. Aka ɗaura, shanu suka ja, Paulina ta sa aka ɗaga ta aka zura ta ta taga ta zauna a kujerar direba, mu Zumunta muka bi baya da tuluna da waƙa har ƙofar gida. Jerin gwanon da Injiniya ya yi alkawari ya tabbata, sai dai shi a ƙasa ya taka, a can baya, rungume da kwanon ragowar noti. Kafin la'asar ya tura baro zuwa gidan Leonard, kuma ban ji fito ba.

Motar tana nan a gindin mangwaro, a cikin tsohon raminta. Kaji sun koma, sun sami sabon daɓe na kwano da fenti a bango. Paulina ta ba shi izinin zama a kujerar babansa ranar Lahadi da yamma, da sharaɗin in zai fito ya fito mata da ƙwai ba tare da ya fasa ko ɗaya ba. Makon jiya wani baƙo ya tsaya a bakin katanga ya tambaye shi ko motar tana aiki. Na ji shi yana cewa kullum, ba ta fashin ko rana ɗaya, kuma in baƙon bai yarda ba ya tambayi duk garin wa ya taɓa ba Allah mota in ba shi ba. Daga kicin Paulina ta ce ya rage surutu, akwai mai kwanci a ƙarƙashinsa.